Yadda Ake Bambance Tsutsar Taba da Tsutsar Tumatir ta Amurka, Daga Ƙwai Har Ta Yi Fiffike

A lambunan Amurka ta Arewa, daga watan Yuni zuwa Satumba, mai tumatir kan wayi gari ya tarar saman shukarsa ya koma tsinke zalla, ganye ya tafi, ga baƙin kashi warwatse a gindin shuka. Mai wannan ɓarna wata ƙatuwar koriyar tsutsa ce mai ƙaho a ƙarshen jikinta, wadda tsawonta kan kai santimita 8 zuwa 10. Iri biyu ne ke wannan aiki, 'yan gida ɗaya, kuma in sun girma dukansu suna zama babban malam-buɗe-littafin dare mai ruwan toka. Na farko shi ne Manduca sexta, wanda masanin halittu Linnaeus ya raɗa wa suna a 1763, kuma Amurkawa na kiran tsutsarsa tsutsar taba. Na biyu Manduca quinquemaculata, wanda wani masani, Haworth, ya bayyana a 1803, tasa ita ce ake ce wa tsutsar tumatir. Dukansu daga dangin Sphingidae suke, dangi mai iri kusan 1,450 a duniya.

Sunayen nan na yau da kullum su ne tarkon farko. Kowace a cikinsu tana cin tumatir, taba, tattasai, yalo, dankalin turawa da zaƙami, kuma a jihohin kudu wadda aka fi tsinta a kan tumatir ita ce ta taba. Don haka shukar da ka same ta a kai ba hujja ba ce. Garin da kake ma ƙiyasi kawai zai ba ka. Ta taba ta fi yawa a kudu, yankinta ya miƙe ta Meziko da tsibiran Karibiyan har Ajantina. Ta tumatir ta fi yawa a arewa har kudancin Kanada, tana ƙaranci a kudu maso gabas. A tsakiyar ƙasar kuwa sun cuɗanya, har akan same su a kan shuka ɗaya. Jikin ake dubawa, ba shuka ba.

Nemo ta tukuna

Duk da girmanta, wuyar gani gare ta, domin launinta da na ganye ɗaya ne, kuma da rana takan lafe a ƙarƙashin reshe. Fara daga ƙasa. Kashinta dunƙule ne mai tsage-tsage a jiki, sabo kore ne mai duhu, in ya kwana ya yi baƙi. Inda ka ga sabo, ɗaga ido kai tsaye sama, tana nan cikin rassan da ke kansa. Girman kashin ma na gaya maka girman mai shi. Sai kuma ka duba sabbin rassan sama, domin daga can take fara ci tana gangarowa, tana barin jijiyar ganye a tsaye. In ganye ya ƙare takan gwigwiyi ɗanyen tumatir daga gefe.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta dare. Ka samu tocila mai hasken UV, irin hasken da ake duba jabun kuɗi da shi, ka haska shukar bayan duhu ya yi sosai. Jikin tsutsar zai yi wani haske kore-kore, ganyen kuma ya yi duhu, sai ka ga har ƙananan da ido ba zai kama da rana ba. Kada ka haska idonka ko na wani da wannan tocila.

Ƙwan kuwa ɗan kewayayye ne, bai wuce milimita ɗaya da rabi ba, kore mai sheƙi, kuma ɗai-ɗai uwar ke ajiye shi, yawanci a bayan ganye. In ka ga ƙwai jere da yawa wuri ɗaya, na wani ƙwaron ne. A yanayin zafi yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 2 zuwa 4. A wannan mataki ba a iya raba irin biyu da ido, kada ka ɓata lokacinka.

Zane da ƙaho

Kalli tsutsar daga gefe, ba daga sama ba. Ta taba tana da farin zane guda 7 a kowane gefe, kowanne a karkace, ya tashi daga ƙasa ya nufi baya, da ɗan baƙin ɗige-ɗige a gefensa na sama. Zane na ƙarshe yana ƙarewa ne a gindin ƙaho. Ƙahon ja ne ko ja-ja, yakan ɗan lanƙwasa.

Ta tumatir tana da zane 8, kuma ba layi ɗaya ba ne: kowane zane na karkace yana haɗuwa da wani gajere a kwance a ƙasansa, su ba da siffar harafin V da ya kwanta, tsininsa na kallon kai. Launin zanen fari ne mai ratsin rawaya, ba shi da baƙin gefe. Ƙahonta baƙi ne ko shuɗi mai duhu, ya fi miƙewa.

In za ka dogara da abu ɗaya, dogara da siffar zane. Ƙirga na yaudara, domin zanen farko na kusa da kai yakan dushe, ko ya ɓoye idan tsutsar ta noƙe. Launin ƙaho ma yana yaudara a ƙananan tsutsotsi: sabuwar ƙyanƙyasa fara-fara ce, ba ta da zane, ƙahonta dogo ne baƙi ko ta wane iri ce. Sai ta yi saɓa sau biyu ko uku sannan alamun ke fitowa sosai. Tsutsar da ba ta kai santimita 3 ba, a ba ta kwanaki.

Akwai launuka biyu da ke rikita mutane. Ta tumatir wani lokaci takan fito baƙa ko ruwan ƙasa mai duhu, musamman in an yi sanyi lokacin da take ƙarama, amma zanen V ɗin yana nan, ya ma fi fitowa. Sai kuma shuɗiyar tsutsa da ake sayarwa a kantunan dabbobi don ciyar da ƙadangaru. Wannan ta taba ce, ba wani iri dabam ba. A jikinta akwai wani sinadari shuɗi, rawayan da ke haɗuwa da shi ya ba da kore kuwa daga ganye take samunsa. Da yake abincin da ake renonta da shi na garin alkama ne, babu rawayan, sai shuɗin ya fito shi kaɗai.

Ƙahon ba ya harbi, ba shi da dafi. In ka taɓa ta takan ɗaga gaban jikinta ta noƙe kai, ta riƙa kaɗa shi gefe da gefe, ta yi ɗan ƙara da muƙamuƙi, ko ta amayo koren ruwa. Iyakarta ke nan. Sai dai kada ka fizge ta daga reshe. Ƙafafunta na ciki, guda huɗu a kowane gefe da wasu biyu a can ƙarshe, suna da 'yan ƙugiyoyi masu riƙo, kuma fizga na iya yaga jikinta. Yanke reshen gaba ɗaya.

In ya yi fiffike

Babban yana da jiki mai kauri da tsini a baya, fukafukan gaba dogaye sirara, in ya buɗe su faɗinsu yakan kai santimita 9 zuwa 13. Da magariba yake fitowa, ya tsaya cak a iska gaban fure yana kaɗa fiffike kusan sau 25 a daƙiƙa, ya warware dogon harshensa ya zura. Yana zuwa wurin fitila, don haka masu nema kan rataya farin zanen gado su haska shi da fitilar UV tun daga faɗuwar rana.

Matsalar ita ce in ya sauka, yakan rufe duk abin da kake son gani. Fukafukan gaba sun lulluɓe na baya da ciki. Dabarar da ake yi ita ce a kife shi da mazubin roba mai murfi, a sa a firji, ɓangaren sanyi ba na ƙanƙara ba, na minti 10 zuwa 15. Ba ya iya tashi sai naman ƙirjinsa ya yi zafi kusan digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, kuma yana samun wannan zafi ne ta hanyar karkarwa da fukafukai kafin tashi, abin da masanin halittu Bernd Heinrich ya yi nazari a kai a farkon shekarun 1970. Da ka fito da shi kana da 'yan mintuna. Sa tsinken ashana a ƙarƙashin fiffiken gaba ka tura shi gaba a hankali. Kada ka kama fiffike da yatsa, garin da ke kansa shi ne zanen, in ya goge shi ke nan. In ka ga ya fara karkarwa, lokaci ya ƙure.

Abu na farko, ɗigon gefen ciki, masu launin rawaya mai ruwan lemo. Na tsutsar taba yawanci shida ne a kowane gefe, na tsutsar tumatir biyar. Amma ɗigo na shida ƙarami ne, yana can kusa da tsini, wani lokaci ya dushe, wani lokaci kuma mai biyar ɗin ya nuna alamar na shida. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, a nan kuma suke kuskure.

Fiffiken baya shi ne alƙali. A tsakiyarsa akwai baƙaƙen layuka biyu masu haƙora-haƙora. A mai ɗigo shida layukan sun matsu da juna har sun kusa zama ɗamara ɗaya mai duhu, da ƙyar ake ganin fari a tsakaninsu. A mai ɗigo biyar sun rabu sarai, haƙoransu masu tsini, da farin fili a tsakani. Ƙarin shaida shi ne gezar bakin fiffiken gaba: ta mai ɗigo shida tana da ɗige-ɗigen fari a jere, ta ɗayan toka-toka ce ba ɗigo bayyananne. Gaba ɗaya ma mai ɗigo biyar ya fi hasken toka, mai shida ya fi duhu da ratsin ruwan ƙasa, amma wannan ba abin dogaro ba ne ga wanda ya kwana biyu yana yawo, launinsa ya koɗe.

Masu kama da su ba su da wuyar cirewa. Manduca rustica ɗigonsa uku ne kacal, fukafukansa ruwan ƙasa mai duhu da farin dabbare-dabbare. Agrius cingulata ɗigonsa ruwan hoda ne, tsutsarsa ganyen dankalin Hausa take ci. Hyles lineata ƙarami ne, da fararen layuka a fiffiken gaba da ruwan hoda a na baya, kuma yakan fito tun da sauran rana.

Namiji ko mace? Dubi zare biyun da ke kansa, waɗanda yake shaƙar ƙamshi da su. Na namiji sun fi kauri, da 'yan gashi a jere, domin da su yake bin ƙamshin mace cikin duhu. Na mace sirara ne sumul, cikinta kuma ya fi cika.

Reno: hanyar da ba ta barin shakka

Wanda ya reni tsutsa ɗaya har ta fito ya ga alamun duka a jiki ɗaya, ba zai sake ruɗewa ba. Yawanci aikin bai wuce kwana 30 zuwa 50 daga ƙwai ba.

Nemi mazubin roba mai cin lita 3 ko 4, ka yanke tsakiyar murfin ka rufe da ragar gidan sauro. Shimfiɗa takardar tishu a ƙasa. Tsutsa ɗaya ko biyu a mazubi ɗaya, kada su wuce haka. Ajiye shi inda rana ba ta bugunsa kai tsaye, zafin ɗaki digiri 25 zuwa 27. Ba ta ganyen irin shukar da ka same ta a kai, domin wadda ta saba da ganye ɗaya takan ƙi wani. In za ka tsoma reshe a ruwa don kada ya yi yaushi, toshe bakin kwalbar da auduga, in ba haka ba za ta bi reshen ta nutse. Canja takarda kullum. Abin da ya fi kashe su a reno shi ne danshi da tarin kashi: jiki ya saki, ya yi baƙi, ta rataye ta mutu. Na biyu shi ne ganyen da aka yi wa feshi, kuma dashen da aka sayo daga kanti shi ne abin zargi na farko. Wanki ba ya fitar da maganin da ya riga ya shiga jikin shuka.

Matakin girma biyar take yi, da saɓa a tsakaninsu, cikin kusan kwana 20. Kafin kowace saɓa takan daina ci ta tsaya wuri ɗaya kusan kwana guda, sai ka ga tsohon ƙoƙon kai ya zamo gaba ya rufe baki. Ba ciwo ba ne. Kada ka motsa ta, domin ta ɗaure ƙafafunta da zare a wurin, da shi za ta zare jikinta daga tsohuwar fata. Daga nauyin kusan miligiram 1 take farawa, ta ƙare a giram 10 ko fiye, kuma mafi yawan cin a matakin ƙarshe ne. A waɗannan kwanaki ganyen da ka sa da safe ba zai kai yamma ba.

Sai rana ɗaya ta bar ci, ta zubar da abin da ke cikinta, jikinta ya yi danshi ya ɗan tsuke, ta shiga zagaye mazubi ba tsayawa. Dubi gadon bayanta: za ka ga wani layi mai duhu yana bugawa. Zuciyarta ce ta bayyana ta cikin fata. Ƙasa take nema. Mayar da ita mazubi mai ƙasa mai laushi ko garin katako, zurfin santimita 10 zuwa 15, mai ɗan danshi yadda in ka dunƙula zai haɗu amma ruwa ba zai ɗiga ba. Za ta nutse ta gina ɗan ɗaki, a ciki za ta rikiɗe ta zama kwanso, matakin da ke tsakanin tsutsa da mai fiffike. Bar ta aƙalla mako guda. Sabon kwanso kore ne mai taushi, ɗan taɓi kaɗan yana lalata shi, sai daga baya yake tauri ya koma ja mai duhu.

Kwanson tsawonsa santimita 4 da rabi zuwa 6, kuma shi ma yana da shaida. Daga kansa wani abu ya fito ya lanƙwaso ya dawo jikin ƙirji kamar mariƙin buta. Kuben harshe ne. A ta taba yana kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jiki, a ta tumatir ya fi tsawo, kusan ɗaya cikin uku. Mai rai in ka taɓa shi yakan murɗa gindi.

In ranaku dogaye ne, haske na sa'a 16 ko kusa, zai fito cikin kusan mako uku. In kuwa tsutsar ta girma a gajerun ranaku, sa'a 12 na haske, kwanson zai yi barcin hunturu na watanni, sai zafi ya dawo. Saboda haka tsutsar da aka tsinta a Satumba a jihohin arewa, in ta yi shiru, ba mutuwa ta yi ba. A ajiye mazubin wuri mai sanyi inda ba zai daskare ba, a riƙa yayyafa ruwa kaɗan. Wannan ne ya sa a yawancin ƙasar zubi biyu na haihuwa suke yi a shekara, a Filorida kuwa uku ko huɗu.

Dab da fitowa kwanso yakan yi duhu ya yi laushi, zanen fiffike ya fara nunawa ta ciki. A nan ne ake asarar da ta fi ciwo. Yana fitowa fukafukansa a ƙudundune suke, dole ya hau wani abu ya rataya domin ya tura jini cikinsu su miƙe kafin su bushe. Bangon roba santsi gare shi. In bai samu abin kamawa ba, fukafukan za su bushe a tanƙware, ba zai taɓa tashi ba. Jingina kara mai kaushi ko ka rataya ƙyalle tun kafin lokaci, ka bar masa sarari na aƙalla santimita 20. Ruwa mai launin ƙasa da zai fesar ba jini ba ne, sharar zaman kwanso ce. In za ka riƙe shi kwana ɗaya ko biyu, ba shi sukari kashi 1 cikin ruwa kashi 4. Ka sake shi da magariba a yankin da ka tsince shi.

Abin da za ka gani a daji

A hamadar Arizona mai ɗigo shida na da tsohuwar hulɗa da wani zaƙami, Datura wrightii, mai manyan fararen furanni da ke buɗewa da magariba. Sabon fure yana fitar da ƙamshi da iskar kabon, ƙwaron kuma yana da gaɓa kusa da baki da ke jin wannan iska, da ita yake gane furen da bai daɗe da buɗewa ba. Yana sha yana yi wa shukar barbara, sannan macen ta ajiye ƙwai a ganyen shukar nan dai. A jihar Yuta kuma masu binciken Cibiyar Max Planck ta Jena a Jamus sun nuna a 2010 cewa tabar daji, Nicotiana attenuata, in tsutsotsi sun dame ta, takan sauya ta riƙa buɗe furanninta da safe, sai ƙananan tsuntsaye masu shan ruwan fure su karɓi aikin barbara. Nikotin, gubar ganyen taba da ke kashe wasu ƙwari, bai dami tsutsar ba: tana fitar da mafi yawansa ta kashi, kaɗan kuma ta ƙofofin numfashi da ke gefen jikinta, warin na korar gizo-gizon da ke farautar ta da dare. Saboda gubar irin waɗannan ganyaye ne ba a ba dabbar gida tsutsar da aka tsinto a lambu.

In ka ga tsutsa ɗauke da fararen abubuwa tsaye a bayanta, da yawa, ba ƙwanta ba ne. Gidajen zare ne na 'ya'yan wani ɗan ƙaramin zanzaro, Cotesia congregata, wanda bai wuce milimita 3 ba, kuma ba ya harbin mutum. Uwar ta zuba ƙwai cikin tsutsar tun tana ƙarama, tare da wata ƙwayar cuta da ke kashe garkuwar jikinta. 'Ya'yan sun ci sun girma a ciki kusan mako biyu, sun huda fata sun fito sun yi saƙa. Irin wannan tsutsa ta riga ta daina ci, ba za ta yi fiffike ba. Mai reno kada ya ɗauke ta, mai lambu kuma kada ya kashe ta, domin abin da zai fito daga bayanta shi zai bi sauran. A ƙaramin lambu tsincewa da hannu ta isa. Maganin feshi na Bt, wanda ake yi daga wata bakteriya mai kashe tsutsotsi, yana aiki ne a kan ƙanana, ƙatuwar da ta kusa shiga ƙasa ta riga ta gama ɓarnarta. Kaftun ƙasa bayan girbi yana lalata mafi yawan kwansunan da ke kwance.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan biyu da ke zaune a Afirka, kuma bai kamata a ɗauko su da rai a tsallako da su ba. Mai ƙaho da manomi zai gani a ganyen dankalin Hausa a ƙasashenmu ya fi yiwuwa Agrius convolvuli ne, wanda babbansa ke da ratsin ruwan hoda da baƙi a ciki. Akwai kuma Acherontia atropos, mai zanen ƙoƙon kan mutum a bayan ƙirji, wanda ke shiga amya ya sha zuma, tsutsarsa mai ƙaho a murɗe mai ƙuraje-ƙuraje. Tsarin dubawa da na reno duk ɗaya ne, alamun ne suka bambanta.

Domin a tabbatar maka da abin da ka gani, hoto uku ake bukata ga tsutsa: gefe gaba ɗaya, ƙaho daga kusa, da shukar da take kai. Ga babba kuwa, ɗaya daga sama yana rufe, ɗaya da fiffiken baya a buɗe, ɗaya na gefen ciki, da rula a kusa. Rubuta rana, gari da sunan shuka, ka ɗora a shafukan intanet na tantance halittu, iNaturalist ko BugGuide. A jerin sunayen irin waɗannan ƙwari da masanin ƙwari Ronald Hodges ya jagoranta a 1983, wanda masu wannan harka a Amurka ke aiki da lambobinsa har yau, mai ɗigo shida shi ne lamba 7775, mai ɗigo biyar 7776. Hoton da bai nuna fiffiken baya ba, sau da yawa masu tantancewa kan tsaya ne a Manduca kawai, su ƙi faɗin wanne ne.